Kana Nan?

Sha ɗaya na dare a Garwa,
fanka na tuƙa zafi kamar tuwon gidan biki.
Ni da kwamfuta mun zuba wa juna ido
a ɗakin bayan asibiti,
inda wayoyi suka sarƙe kamar yaɗon kabewa.

Tun Talata na girke manhajar sa-ido,
ga ta nan zaune, ɗaki ba taga,
ba ta kira, ba a kiran ta.
Guntun da zai ba ta baki nake nema,
ɗan ƙarin nan da ake ce wa fing.
Bai kai nauyin hoton fasfo ba,
amma sai da shayina ya huce kafin ya sauko,
don sabis ɗin yau hawainiya ce ta goyo shi.

Na kwance ƙunshinsa, na nuna masa mazauni,
na ce: gwada.
Ya ce ba shi da izini.
Au! Ashe har na'ura ta san sallama.
Na aro hatimin mai gida,
layi ɗaya na rubuta,
ƙofa ta buɗe.

Sai na jera masa sunayen ƙananan asibitocinmu,
kowane da lambar ƙofarsa:
Pitowa, Gidar, Lagdo, Figil.
Na ce: tsakuwa biyar za ka jefa a kowace rijiya,
ka kasa kunne, ka ƙirga.
In ƙarar ruwa ta yi jinkiri, shafa rawaya.
In uku sun ɓata a hanya, shafa ja,
ka tashe ni ko ina tsakiyar mafarki.

Ba ya tambayar gajiya, ba ya tambayar iyali.
Kalma biyu ce duk karatunsa:
Kana nan?

Pitowa ta amsa kafin in ƙifta.
Gidar ta biyo, kore shar kamar auduga a Agusta.
Lagdo, mai ba mu wuta,
ta yi nawa kamar dorina ta ƙoshi,
huɗu ta mayar cikin biyar.
Figil, shiru.
Ja.

Na zargi yatsuna, na sake duba lamba.
Na zargi ɗan baƙon da na girka.
Na zargi hasumiya, na zargi hadari
ko da yake sama ba ko ƙyallen girgije.
Ƙarshe na kira Astajam mai aikin dare,
ta ɗauka tana dariya ƙasa-ƙasa,
kar ta tashi mai jego:
Baba Wajiri mai gadi ne ya zare akwatin
ya sa tocilarsa caji.
Ya ce tun da aka kawo abin nan
bai taɓa ganin ya warkar da kowa ba.

Ta mayar. Na ƙirga numfashina.
Goma sha biyu.
Figil ta yi kore.

Ya kamata in kulle in hau babur.
Na zauna.
Allo na ta kai gaisuwarsa kowane minti biyar,
ba fushi, ba jiran a fara yi masa magana,
an amsa ya rubuta, an ƙi ya rubuta,
an jima ya sake komawa ƙofar.

Wata bakwai ke nan rabona da muryar Yaya Garga.
Yana Anjamena, gyaran injin markaɗe,
tun ranar da muka yi musu kan kuɗin maganin Inna
kowa ya riƙe bakinsa kamar bashi.

Na lalubo lambarsa.
Ba ni da jawabi, ban shirya ba-haƙuri ba.
Na bari ta yi ƙara sau ɗaya,
na katse.
Tsakuwa ɗaya, rijiya mai nisa.

Na kife wayar kan tebur.
Sauro ya zo, ya tafi.
Daga gadar Binuwai tirela ta yi tari.
Lagdo ta koma kore ba da saninta ba.

Ina ɗaure igiyar takalmi
tebur ya yi rawa,
sau ɗaya,
ya tsaya.